Tsohon da ya hana mu ajiye hauya

Shekarar da aka haƙa ramin bututun man fetur ta bayan garinmu, kusa da Tsarnawa, kowa ya so ya bar gona ya bi kamiyo, manyan motocin masu aikin. Jiya na ratsa wurin, na iske wake ya rufe shi, sai tsohon unguwarmu ya faɗo mini a rai.

A waccan shekarar, ruwan shuka ya sauka, ƙanshin ƙasa na haɗuwa da warin man gazuwal na motocin. Na sami tsohon bakin rumbu yana murza irin hatsi a tafin hannu, kamar yadda ya saba in yana tunani. Na ce, “Baba, ni ma zan tafi. Can duk sati ake biya.”

Ya ce, “Ɗana, bututun nan Kwatano za shi. Cikinka nan za shi kwana.”

Bai hana aikin ba. Ya tara masu gidaje, aka yarda kowane gida mutum ɗaya zai tafi, sauran su riƙe gonarsa, ran Lahadi kuma kowa ya fito gayya. Mun yi gunaguni, amma mun bi.

Da aikin ya wuce gaba, aka sallami leburori. Wasu garuruwa suna awon hatsi a Konni, mu muna ɗaure dammuna, ga kwano sabo bisa ɗakunanmu.

Mun rasa gefen gona biyu da gawo uku a haƙar ramin, da shi kansa tsohon bayan kaka. Allah ya sanyaya makwancinsa.