Ƙugiyar da Kwamfuta Ba Ta da Ita

Da na bar aiki na dawo garinmu Ƙofa wajen ƙarshen mulkin soja, cikin kayana har da wata tsohuwar kwamfuta. Ba don kaina na jawo ta ba, don jikata ce, 'yar ɗana. Tana shekara tara a lokacin, ba ta haɗa ido da mutum, ba ta magana sai ta maimaita abin da aka faɗa mata. Wasu su ce iska ce, wasu su ce dolanci. Hedimasta kuwa ya riga ya gaya mini, cikin ladabi, cewa in zango ya ƙare gara ta zauna a gida.

A Ingila na taɓa ganin irin waɗannan yara suna koyon karatu a gaban na'ura, domin na'ura ba ta tsawa, ba ta gajiya da maimaici. Sai na riƙa tayar da janareta bayan la'asar, in rubuta mata kalmomi da manyan baƙaƙe. Gida, rana, masara, duk ta zauna shiru tana kallo. Amma duk ranar da na rubuta sunan garinmu sai ta toshe kunnuwa ta hau jijjiga. Kakarta ta ce, "Malam, ka raba yarinyar nan da akwatin nan naka. Tsoronsa take ji."

Na kusa yarda. Ran nan na sake rubutawa, sai ta tashi ta shiga ɗakin uwarta, ta fito da jagira. Ta zo ta ɗora wa K ƙugiya a jikin gilashin kwamfutar, ta koma ta zauna, hankalinta kwance.

Madannan kwamfutocin Faransawa na da gurbin alamominsu, na Larabawa ma na gani a Jidda, amma namu haruffan masu ƙugiya babu wanda ya tuna da su. Ni da nake jin harsuna huɗu na saba, ina rubuta Kofa ba na ganin aibu. Ita kuwa kullum tana wuce allon ƙofar makaranta, ta san yadda ake rubuta garinsu.

Na aika aka kira hedimasta. Na rubuta daki, ta gyara. Na rubuta barawo, ta gyara. Ya ce, "Baba, bari in jarraba ta." Ya matso ya danna dawa. Ta duba, ta duba, ta ajiye jagirar a cinya.

Sai hedimasta ya ce, "Gobe ta zo da wuri. Amma jagirar ta bar ta a gida, alli muke da shi."

Uwarta ta fi mako tana mitar jagirarta. Gilashin kuwa ban bari an goge ba sai da ƙugiyoyi suka hana mu ganin rubutu.