Injin Da Dogo Ya Ƙi Kai Wa Wani Bakanike

Shekara ashirin da biyu Dogo ya yi yana jan motar ma'aikatan wani kamfanin sabulu, bai taɓa goge wa kowa fenti ba. Kafin ya tada mota sai ya zagaya ta, ya daddaki tayoyi da ƙafa, ya zaro sandar gwada mai ya goge a tsumma. Amininsa mai faci, wanda rumfarsa ke bakin gareji, kullum sai ya tsokane shi: "Dogo, mota ce ko amarya?" Shi kuma ya ce, "Kai dai ci gaba da addu'ar ƙusa ta soki tayar mutane."

Ranar da wani mai babur ya faɗo masa a kwana, kowa ya shaida ba laifinsa ba ne. Mai babur bai tashi ba. Tun daga ranar, da Dogo ya kama sitiyari sai hannu ya hau rawa, gumi ya jiƙa riga, numfashi ya tsaya masa a wuya. Manaja ya ce zai riƙe masa kujerarsa shekara guda, ya je ya nemi lafiya. A asibiti aka ba shi takarda zuwa wurin masu maganin damuwa ta hanyar zance. Ƙofar farko da aka nuna masa, ita ya shiga.

Kujeru biyu ne a ɗakin, da kwalin tishu, da agogon bango daidai saman kan Dogo. Likitan mai sanyin murya ne, ba ya katse mutum. Ya tambaye shi labarin mahaifinsa, ya tambaye shi gidan da ya tashi. Mota kuwa sai dai a gifta ta. Dogo ya raɗa masa suna Mai Agogo.

Bayan wata shida mai faci ya tare shi. "Wai ina kuka kai?"

"A labarin yarintata, mun shiga aji uku na firamare."

"Sitiyari fa?"

Dogo ya dubi ƙasa.

"To ka canza likita mana, ɗan'uwa."

"Kai ma ka san ba a yi. Injin da wani bakanike ya kwance, wa zai karɓa? Shi ya san inda ya ajiye notina."

Haka direbobi suke yi da mota, haka ya yi da kansa. Duk Talata ya goge takalmi, ya tafi a ƙafa, ya dawo ido jajur. Mai faci ya bar maganar, don shi ma bai tabbata ana canzawa ba. Amma Mai Agogo fa? Shi da ya yi karatun, ya san akwai wa'adi, ya san hannun mutumin nan bai daina rawa ba. Me zai ci masa in ya buɗe baki ya ce, malam, irin aikina mai dogon zango ne, ga ƙofar da ta dace da kai? Wata goma yana gyaɗa kai yana satar kallon bango.

'Yar Dogo ta fari, mai aikin jinya, ita ta gaji ta ja shi wurin wata likita. A zaman farko matar ta zayyana masa komai. Ta ce maganin zance iri-iri ne. Akwai mai tono tun daga yarinta, yana yi wa wasu amfani ƙwarai, amma yana cin lokaci. Akwai na miji da mata, akwai wanda ake zama a ƙungiya. Nata kuwa na tunkarar abin da ake tsoro ne, taki-taki, da aikin da mutum zai je ya yi tsakanin zama da zama.

"In mun yi zama huɗu ka ga ba mu daidaita ba, Baba, ka faɗa min, in tura ka gaba," in ji likitar.

Dogo ya ce, "Dama ana yin haka?"

Sati bakwai suka rage a wa'adin manaja. Satin farko ya zauna a kujerar direba, mota a kashe, mai faci na gefensa yana yi masa surutu. Na uku ya murɗa makulli. Na biyar ya zagaya gareji da mota, riga sharkaf, yana dariya kamar yaro. Ranar da ya iya kai mota bakin get, shekara ta cika, an ba wani kujerar.

Bai daina zuwa wurin likitar ba. Wata biyu bayan nan ya ari motar surukinsa, ya ɗauki mai faci, ya bi ta kwanar nan, hannu bai ko motsa ba. Da suka tsaya ya ce, "Ka gani? Ashe notina suna aljihuna." Bai ƙara samun aikin tuƙi ba. Hawan jini ya ɗauke shi kafin shekara ta zagayo, yana cikin neman aiki.

Har yau motar kamfanin na wucewa ta gaban rumfar faci kowace safiya. Jiya sabon direban ya tsaya a ƙara wa taya iska, aka gama, ya yi tsalle zai hau.

"Sauko," in ji mai faci. "Zagaya ta tukuna."