Kanwarki Tana Gaishe Ki

Damina ce mai nauyi. Ruwa bai ba mu hutu ba a shekarar, lungunmu na Sheshe ya koma taɓo, katangar maƙwabtanmu ta zube har sau biyu. Kowa hankalinsa na kan rufin ɗakinsa. Ni kuwa shekarar ta zo mini da abin da na ɗauka farin ciki ne. Littafin da babbar 'yata ta rubuta aka mayar da shi fim mai dogon zango, ana sakin kashi ɗaya duk Asabar.

Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na haifi 'ya'ya huɗu na shiga makarantar yaƙi da jahilci ta matan aure, wadda ake yi bayan azahar. Tun daga nan nake karatu, a hankali, yatsa a kan layi. Littattafan hikaya na karanta ba adadi, fina-finai ma ina kallo. Na daɗe da lura cewa uwa a cikinsu iri biyu ce, ko muguwa mai bin bokaye, ko sakarai da aka kawo don a yi dariya. Har wasan kwaikwayon da jikokina suka yi a dandamalin makarantarsu, yarinyar da ta fito a uwa an ɗaura mata zani a karkace, tana riƙe da takarda a juye. Na yi dariya tare da kowa, ban ga kaina a ciki ba.

Littafin 'yata ban karanta shi ba. A waya take sakinsa, rubutun ƙanana ne, idona ba ya ɗauka.

Ita ce 'yar fari, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. Haka aka tashe mu, alkunya. In zan kira ta sai in ce “ke”. Ba na yabonta a gaban mutane, ba na janta a jiki. Da ta tafi makarantar kwana sai na gane a takarda ina iya yi mata maganar da bakina ba ya iyawa. Saboda ita na dage da zuwa aji, ko ina da aikin gida kamar me.

A shekararta ta biyu a can, autata mai shekara huɗu ta kwanta zazzaɓi. Kullum tambayarta yaushe Yaya za ta dawo. Na zauna a gefen tabarmarta na rubuta wasiƙa, wuni biyu ina yi ina gogewa. Ban ambaci ciwon ba, domin suna jarrabawa. A ƙarshe na tambayi yarinyar me zan ce wa Yaya, ta ce in gaishe ta. Na rubuta, ƙanwarki tana gaishe ki. Sai dai na manta lanƙwasar nan da ake yi wa kan baƙin, wadda malamarmu ta sha ja mana kunne a kanta. Abin da ya fito a takarda kanwa ce, ta jefawa a miya. Bayan kwana tara yarinyar ta rasu.

Ranar kashi na shida, bayan la'asar, matan gidanmu da na maƙwabta suka cika mini ɗaki kamar yadda suka saba, tunda fim ɗin 'yata ne. Budurwar fim tana makarantar kwana, aka kawo mata wasiƙa daga uwarta. Aka matso da hoton kan takardar har ta cika talabijin. Rubutuna ne. Ba kwaikwayonsa aka yi ba, takardar ce da kanta, wadda na yago daga littafin aikina, da layin ƙarshe da ya karkace ya gangara. Wata ƙawar budurwar ta fizge ta karanta da ƙarfi.

“Kanwarki tana gaishe ki!”

“To gishirin fa, shi bai ce komai ba?” in ji ta biyu.

“Daddawa ta yi fushi, ba a sa da ita ba!”

Ɗakina ya kaure da dariya. Hajiyar da ke gidan kusa da mu har da share hawaye da bakin mayafi, tana dukan cinyata. “Wallahi yarinyar nan taki ba dama! Ina take samo irin waɗannan?”

Matar ƙanin maigidana ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Tare muka yi aji, ta san hannuna. Ta kalle ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai tana gyara goyonta.

A fim ɗin babu wata ƙanwa marar lafiya. Aka gama dariyar, aka koma kan saurayi da motarsa.

Dab da magariba 'yar tawa ta kira ni a waya.

“Umma, kun kalla? Wurin wasiƙar nan sai yawo yake a wayoyin mutane.”

“Mun kalla.”

“Kin gane ta?” Tana dariya. “Ai na ce musu ta gasken ta fi armashi. Umma, ki sa mini albarka, sun ce za a ƙara zango na biyu.”

Na ce, “Ke, kin tuna wace ƙanwar ce?”

Ta ce, “Haba Umma, abin ai ya daɗe. Wasa ne fa. Kuma ban sa sunan kowa ba.”

“Haka ne, ba ki sa ba.”

“To albarkar fa?”

“Ana kiran salla,” na ce, na kashe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ita kanta in ta turo mini saƙo a waya ba ta sa lanƙwasa ko ɗaya. Ɗaki daki ne, ƙofa kofa ce, kuma ina ganewa, kowa yana ganewa. Nawa ne kawai ya zama abin nunawa duniya. Na yi ta nema mata uzuri. Shekararta goma sha uku a lokacin, wataƙila haka ƙawayenta suka yi mata, dariyar ce ta zauna mata a kai. Rasuwar ma sai da ta dawo hutu aka gaya mata, kuma ban taɓa zaunar da ita na ce ga inda na rubuta wasiƙar ba, ga wadda ta ba ni saƙon. Kunya ta hana. Duk na yarda da wannan. Amma gaisuwar ƙarshe ce da autata ta aika wa wani a duniya, kuma yanzu tana hannun mutanen da ban sani ba.

Washegari, bayan na ba maigidan abin kari, na sa hijabi na taka har Ƙofar Ɗan Agundi na hau adaidaita sahu zuwa gidan 'yar tawa. Tun da aka kai ta gidanta ban taɓa zuwa ba sai da dalilin haihuwa. Da ta gan ni a bakin ƙofa ta tsorata, ta durƙusa tana tambayar ko lafiya. Na ce lafiya lau, takardata na zo karɓa. Ta ce ai tana wurin masu fim, cikin kayan aikinsu, sai an bincika. Na cire takalmina na zauna a kujerar falonta, na ce ta kira su, ina nan.