Asabar Goma Sha Biyu

Har yau in na tuna zaman da muka yi a falon Likita a Al Gharrafa sai na ji wuyana ya ɗau zafi. Mu tara ne, dukkanmu 'yan Arewa mazauna Doha, kuma abin da ya tara mu shi ne tsara fitar kamun kifi ta shekara mai kamawa, sau ɗaya kowane wata. Ni ne magatakarda, don ni ne malamin makaranta a cikinmu, kuma babu wanda ya tambaye ni ko ina so.

Kamun namu ba irin na gida ba ne da ake soka tana a ƙugiya a zauna jira. Gashin tsuntsu ake ɗaurawa da zare a jikin ƙugiyar har ta yi kama da ɗan kifi ko jatan lande, mu dai ƙuda muke ce mata. Sai mutum ya shiga ruwa har gwiwa, ya yi ta kaɗa igiya a sama kafin ya ajiye ƙudan a gaban kifi. Babu ɗayanmu da ya zo da wannan daga gida. Baba ne ya koya mana, mu duka.

Baba Basarke ne, ɗan gidan masunta, mutumin Yawuri, ya ba ni kusan shekara ashirin. Gadi yake yi a ƙofar wani rukunin gidaje, yana kwana a masaukin ma'aikata kusa da Asian Town. Wani Bature da ya zauna a gidajen ne ya bar masa sandar kamun da zai koma ƙasarsu, Baba kuwa jinin ruwa ne, wata biyu ya ishe shi. Da gashin zabuwa yake ɗaura ƙudansa, wanda yake ƙunsowa a leda duk lokacin da ya je hutu gida. Shi ya riƙe hannun Likita ya nuna masa jifa. Shi ya zare wa Injiniya ƙugiya daga kunne, ranar da Injiniya ya kama kansa da kansa yana ihu kamar an yanka shi. Baba ba shi da mota, mu muke ɗauko shi. Kuma Juma'a kaɗai yake hutawa a mako.

Akwai kifi ɗaya da ya tsaya masa a rai, wani fari mai faɗi, mai tsalle, da ake kira sarauniya. Sau biyu tana cafke ƙudansa a gaɓar arewa, wajen Al Khor, sau biyu tana tsinke masa igiya. Kamfaninsu kuwa ya riga ya gaya masa shekaru sun cim masa, ba za a sabunta masa kwantiragi ba, ƙarshen shekara mai zuwa sai gida. Kowa a falon nan ya san wannan. Baba da bakinsa ya ce mana yana so ya riƙe sarauniya a hannu ko sau ɗaya kafin ya bar tekun nan.

Ranar Juma'a aka yi zaman, bayan la'asar. Ku riƙe wannan. Juma'a aka zaɓa don kowa ya san ita kaɗai Baba ke samu.

An sha shayi, an ci dabino, sai Injiniya ya buɗe kwamfuta ya haska jadawali a bango, da launi-launi. Asabar ta farko a kowane wata, guda goma sha biyu, reras. Ya ce Juma'a ba ta da tsawo, a nan sha biyu ba ta yi ba an tada salla, mutum na fara jin daɗin ruwa sai a ce a naɗe igiya. Likita ya gyara zama ya ce gaskiya ne, ga shi iyali sun fara ƙorafi, Juma'a ranar yara ce. Sauran suka yi ta gyaɗa kai. Sannan Likita ya juya wajen Baba, wanda ke zaune a kan kafet duk da kujerar da aka nuna masa, ya ce, "Baba, ko akwai matsala?"

Haba! A gidan mutum, da kofin shayinsa a hannunka, bayan mai gida ya gama faɗin ra'ayinsa a gaban mutum takwas, sannan a tambaye ka ko akwai matsala? Wane Bahaushe ne zai ce akwai? Ba Turawa ba ne mu. Dukkanmu a gidajen da ake kara aka haife mu, mun san tambayar da ake yi don a ji, mun san wadda ake yi don a rufe baki.

Baba ya ajiye kofin ya ce, "Ba komai, Likita. Duk yadda kuka yi daidai ne."

"To khalas, shi ke nan," in ji Injiniya. "Malam, rubuta."

Na rubuta. Wannan ma ku riƙe. Na ɗan yi gyaran murya na ce ko za a raba, rabi Juma'a rabi Asabar, aka ce ai Baba da kansa ya ce ba komai, sai na koma kan rubutuna. Ina da baki a aji, ina da baki a gida, ranar nan ban san inda na ajiye shi ba.

Ni na mayar da Baba masauki. Tun daga Al Gharrafa nake zuba masifa a mota, ina dukan sitiyari, ina cewa wannan rashin mutunci ne, butulci ne, wanda ya koya muku abu shi za ku share daga takarda? Baba bai taya ni ba. Da muka kusa Asian Town sai ya ce, "Malam, karanta min ranakun." Na tsaya gefen titi na karanta. Kowace ya tambayi nawa ga watan Musulunci za ta faɗo, yana lissafi da yatsu, don shi da farin wata yake gane lokacin da ruwa zai cika da lokacin da zai janye. Ya ce huɗu daga ciki za mu tarar da taɓo ne kawai, a gaya wa Injiniya ya matsar da su mako ɗaya. Ka ji fa. An kore shi, yana gyara wa masu korarsa hanya.

Bayan mako biyu ya kira ni ya ba ni wani gwangwanin alewa. Ƙuda goma sha biyu ne a ciki, kowanne a soke jikin soso, ɗaya don kowace fita, daidai da abin da kifi ke ci a watan. A bakin ƙofar gadi ya ɗaura su, tsakanin shigar mota da fitar mota.

Na ɗauki hoton gwangwanin na tura a zaurenmu na waya, da niyyar kunya ta kama su. Ina! Sai ga addu'o'i suna zubowa. Allah sarki Baba. Baba akwai kirki. Allah ya bar mana Baba. Likita ya kawo shawarar a naɗa shi Uban Ƙungiya, a rubuta hakan a saman jadawali da manyan baƙaƙe. Nan fa na fashe. Na naɗi murya ta minti biyar, na ce uban da ba a zuwa da shi ko'ina ai hoton bango ne, na ce in kuna son girmama shi ku ba shi kujera a mota, ku bar masa sarautar. Na ce wasu abubuwan ma da ba zan maimaita ba.

Kwana biyu suka wuce. Sai Injiniya ya turo sabon jadawali, wai an duba koken Malam, an ba Baba Juma'a biyu. Na duba. Yuli da Agusta. Watannin da ƙarfe shida na safe gumi ke tsiyaya daga gwiwar hannunka, ruwan tekun kansa kamar na wanka, kifi duk ya gudu can cikin zurfi, su kuma dukkansu suna Kano da Kaduna hutu da iyali. Wallahi da na ga haka dariya na yi, irin wadda ake yi don kada a yi zagi.

Na ajiye musu magatakardancinsu. Na ce wa Baba, "Ni da kai, kowace Juma'a ta biyu. Su riƙe Asabar ɗinsu."

Kuma mun yi. Ina fitowa daga gidana a Bin Omran bayan asuba, in ɗauke shi a bakin masauki, yana tsaye da sandarsa a cikin bututun roba. Mu kama hanyar arewa, mu shiga ruwa rana na fitowa, mu fito mu yi Juma'a a wani ƙaramin masallaci a Al Khor da wandunanmu ba su gama bushewa ba. Mun kama ƙananan kifaye da yawa. Sarauniya kuwa sau ɗaya muka hango ta tana korar 'yan kifi, can inda jifa ba ya kaiwa. Baba ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce sai zafi ya karye za ta matso gaɓa, mu jira Nuwamba, ranar da wata ya cika.

To, ni ma ɗan Adam ne, kuma fushi ba ya shekara. Wajen Oktoba Likita ya zo har gida, ya ce haba Malam, ai an zama ɗaya. Na koma fitar Asabar, ina gaya wa kaina ai ban fasa ta Juma'a ba. Fitar Nuwamba ita ce babba, aka matsar da ita zuwa cikar wata kamar yadda Baba ya ba da shawara tun farko, ta faɗo washegarin Juma'ar da muka yi alkawari da shi. Matata ta ce kwana biyu a jere a ruwa ba zai yiwu ba, yara ma suna da uba. Tana da gaskiya. Sai in zaɓi ɗaya.

Ranar Alhamis da yamma na kira shi. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce ga hidimar gida, ga kaza ga kaza, ko za mu ɗaga zuwa wani makon. Sannan na ji bakina ya ce, "Baba, ko akwai matsala?"

Ina jin ƙarar ƙarfen ƙofa yana ɗagawa a bayansa.

"Ba komai, Malam."

Na san me na tambaya, na san me ya amsa, na kashe wayar. Abin da ban sani ba shi ne kamfanin ya riga ya yankar masa tikiti, Alhamis mai zuwa zai tashi. Ya sani lokacin da muke magana. Bai faɗa ba, don in ya faɗa ya tilasta ni ke nan.

Ranar Asabar ruwa ya cika kamar yadda ya ce. Na buɗe gwangwanin na ɗaura ƙuda na goma sha ɗaya, fari da ɗigo-ɗigon zabuwa. Jifa na huɗu sarauniya ta cafke. Igiya ta yi ta gudu tana ƙona min yatsa, Injiniya na ihu yalla yalla, wato maza maza, Likita na ɗaukar bidiyo. Da na jawo ta gaɓa kowa na ta kabbara, ni kuwa ji na yi kamar na saci abu a masallaci. A nan ne wani daga cikinmu ya ce ai sai a tura wa Baba ya gani kafin ya tafi ranar Alhamis. Na ce wace Alhamis? Ashe shi ya ji a wajen wani direba.

Ban tsaya cin abinci ba. Na sa kifin a akwatin ƙanƙara na kamo hanyar Doha, kai tsaye ƙofar da yake gadi. Yana tsaye cikin kakinsa a 'yar inuwar rumfa. Na buɗe masa akwatin.

Ya sa hannu biyu ya ɗago ta, ya jinjina nauyinta, ya buɗe bakin ya duba inda ƙugiya ta shiga.

"Da na zabuwar?"

"Da shi, Baba."

"Tsalle nawa ta yi?"

"Uku."

"Tawa biyu take yi ta tsinke," in ji shi. Ya shafa gefenta da tafin hannu, a hankali, daga kai har wutsiya.

Na ce masa tasa ce, don shi na kawo. Ya mayar da ita cikin ƙanƙarar ya rufe akwatin, ya goge hannu a wandonsa.

"Kai wa iyali, Malam. Ɗakinmu ba a girki."

Wata mota ta yi hon a bayana, ya juya ya tafi ɗaga mata ƙarfe.