Falken da Ya Kwance Goyo

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da wata tsohuwa ta tashe ni tsaye da labari ba. Lokacin ina amarya, ban daɗe da zuwa garin Sokode daga Nijar ba, ƙasar da na zo aure ta rikice da neman dimokuraɗiyya. Ko'ina yajin aiki, samari sun tare hanyoyi da tayoyi. Sai ga saƙo wai maigidana, direban babbar mota, an jefe shi da dutse a ka, yana kwance can nesa a garin Dapango babu mai ba shi ko ruwa. Mazan unguwa duk suka ce a jira hanya ta lafa. Ni kuwa sai kuka, don matsoraciya ce ni ta gaske, ko kasuwa ban taɓa zuwa ni kaɗai ba.

Maƙwabciyata a unguwar Didaure, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Kotokoli da muke ce wa Inna, ta shigo ta same ni. Ko lallashi ba ta yi ba. Ta zauna ta ce, “Amarya, share hancinka ka ji labari.” Haka Hausarta take, irin ta zango, mace da namiji duk “ka” ne, duk “ya” ne.

Labarin wani falke ne na zamanin fataucin goro, wanda 'yan fashi suka kama ɗan'uwansa. Kai, Inna ta iya jera labari! Da tsoron falken ta fara, yadda ya fita ceton ɗan'uwan, ya kai ƙofar gari ya juyo gida, ya sake fita. Sai kogi ya cika, sai jakinsa ya mutu, kowace wahala ta fi ta baya. Ba ta taɓa kiransa jarumi ba, aikinsa kawai take nunawa. Da ya isa gaban shugaban 'yan fashi, sai na fara jiran a zare takobi.

“Sai ya zauna,” in ji Inna, “ya kwance goyo, ya ba yaro nono.”

“Nono, Inna? Falken?”

“To, wa ya ce maka namiji ne?”

Wayyo, sai ga ni ina dariya da hawaye shaɓe-shaɓe. Ashe duk tafiyar nan mace nake bi! Ta ƙarasa da cewa kunya ta kama shugaban, ya saki ɗan'uwan.

Washegari Inna ta raka ni tasha, ta sa ni a motar doya. Mun yi nisa, samari suka tare mu da sanduna, suna ihu kowa ya sauka. Na sauka na je gaban babbansu na ce, “Ɗan'uwana, mijina ne kwance da rotse a Dapango. In kun hana motar, da ƙafa zan tafi.” Ya dube ni, ya dubi tsinkakken silifas ɗina, ya ce a janye tayoyin.

Na iske maigida zazzaɓi ya rufe shi, raunin ya fara ruwa, bai ma gane ni ba. Na yi jinyarsa har Allah ya tashi kafaɗunsa. Da muka dawo na tambayi Inna ko da gangan ta ɓoye mini. Ta yi dariya ta ce, “Ni Hausana ke nan, amarya.”

Allah ya jiƙan Inna, har gobe ina gode mata. Tun daga ranar, in na ji a labari an ce “ya tashi, ya tafi”, na daina ɗauka cewa ba da ni ake ba.