Hoton da Bai Gama Sauka Ba

Kwamfutar farko da na fara taɓawa ta babban yayanmu ce. Ta hannu ya saye ta a Zariya lokacin yana koyarwa, da ya samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje sai ya kawo ta gidanmu a Makarfi. Fara ce da ta soma rinewa, allonta da ƙatuwar ƙeya kamar tsohuwar talabijin. Baba ya sakar mata teburinsa na falo, Inna kuma ta ɗinka mata mayafi da ragowar atamfa.

Muna da wayar tarho ta girke saboda aikin Baba a sashen gona, kuma gidajen da ke da ita a garin ba su da yawa. Kafin Yaya ya tafi da matarsa, ni ya zaunar ya koya wa abin, don na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Ya nuna mini yadda ake zare igiyar tarhon a soka ta a bayan wani ɗan akwati da ake kira modem. Da an danna, sai akwatin ya buga lamba da kansa, ya yi ta ƙara kamar an haɗa gyare da injin niƙa, ya koma shuuu irin na ruwa a kan kwano, sannan tsit. Wannan tsit ɗin shi ne an shiga intanet. Har yau ban manta kukan nan ba, don ta cikinsa muke jin labarin Yaya.

Da damina ta kankama saƙonsa ya zo: matarsa ta sauka, an samu namiji, ga hoto nan ya haɗo. Inna ta yi kamar ba ta ji ba, kunyar ɗan fari. Wadda ta kasa zama ita ce Kaka, mahaifiyar Baba, da ke Gubuchi. A hannunta aka yaye Yaya, a ɗakinta ya girma, maigidana take ce masa. Ta daɗe ba ta fita saboda kumburin ƙafa, amma ranar kasuwa sai ga Kawu, ƙanen Baba, ya sauke ta a ƙofar gida daga gaban a-kori-kurarsa.

Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce mini, "Ke 'yar nan, ina akwatin da aka ce ɗan maigidana yana ciki?"

Na jawo mata kujera, na yaye mayafin, na kunna. Hoto a wancan zamani daga sama yake saukowa, layi bayan layi, kamar ana saƙa tabarma. Farin bango ya fito, sai kan wata hular ulu, sai goshi. Kaka ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin.

"Goshin gidanmu ne," in ji ta. "To, sauran fa?"

Nan layin ya yanke. Na sake bugawa, aka shiga, hoton ya koma farko: bango, hula, goshi. Kafin a kai gira aka ɗauke wuta.

Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki. In akwai wuta, layi na ƙugi saboda ruwa ya shiga waya. In layi ya washe, babu wuta. Wata rana duka biyun suka samu, sai ga maƙwabcinmu ya yi sallama, yana so ya kira asibiti a Kaduna inda aka kwantar da ƙanwarsa. Wa zai ce masa ya jira? Na zare igiyar na mayar wa tarhon, Kaka da kanta tana cewa a yi sauri a ba shi.

Ranar da muka fi nisa, idanu sun fito, a buɗe tar, har da rabin hanci. Daga nan ya tsaya cak, ƙasan allon duk toka-toka. Kaka ta sa farce tana kankare wurin a hankali, kamar mai cire ƙanzo.

"Ki ja shi ƙasa mana."

"Kaka, ba ni ke ja ba. Shi ke zuwa da kansa."

"To ki roƙe shi."

Na riƙe linzamin kwamfutar ina kallon fitilun modem ɗin, ɗaya tana ƙiftawa, ɗaya ta mutu. Ban san abin da zan danna ba. Lokacin ban ma san ana iya rage wa hoto nauyi ba, balle in ce wa Yaya ya aiko ƙarami. Abin da na rubuta masa kawai shi ne ya sako na takarda ta gidan waya. Baba kuma ya ce in ya shiga Zariya ƙarshen wata zai sa a fitar mata da shi a takarda. Babu wanda ya ga abin gaggawa a ciki.

Ana cikin haka aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, turakun waya suka faɗi a hanyar Zariya. Na ɗaga kan tarho, ko ƙugin babu. Kaka ta ƙara kwana biyu, ta ce awakinta na hannun mutane, kuma ita ba ta iya barci a ɗakin da ba nata ba. Da Kawu ya zo ɗaukarta ta tsaya a bakin falo, ta dubi teburin.

"In bakinsa ya fito, ki duba mini ko yana da wushiryar ubansa."

Inna ta yi dariya daga tsakar gida. "Iya, jariri da haƙori?"

"Au, haka ne fa," in ji Kaka, ita ma tana dariya. Muka kama ta muka sa a mota.

Kaka ba ta ga ƙarshen damina ba, ana yankan gero ta rasu. Ciwon bai yi tsawo ba, kafin Baba ya isa Gubuchi an riga an rufe mata ido. Yaya bai ji ba sai da Baba ya je Zariya ya kira shi daga can.

Bayan an share makoki aka gyara layi. Wata safiya na kunna ba tare da na sa rai ba, hoton ya sauko tun daga hula har ƙafa bai tsaya ba. Yaron yana cikin farin tawul, ya dunƙule hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa. Na kira Baba. Ya zo da butar alwala a hannu, ya tsaya a bayana yana kallon hoton. Can ya ce, "Allah ya raya," ya fita.

Yaya bai koya mini yadda ake adana hoto ba, ina tsoron in na rufe ya ɓace. Sai na zauna a gabansa, na hana kowa taɓa teburin, har aka ɗauke wuta wajen azahar.