Ranar da Goggo Barakatu Ta Ƙetare Titi

A Yankara, kan hanyar da ta taso daga Funtuwa ta nufi Gusau, akwai wata tsamiya a gefen titi ta kudu. Inuwarta mai kauri ce, irin wadda mutum kan shiga ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a ƙeya. A gindinta Goggo Barakatu ta yi shekaru tana tuƙa tuwon dawa, tana sayar wa direbobin manyan motoci.

Mutuniyar Mabai ce, aure ya kawo ta Yankara. Da mijinta ya rasu, 'yan'uwansa suka zo mata gaisuwa da taushin murya, suka yi ta ba ta haƙuri, ashe a ranar suka raba gonarsa ba da saninta ba. Tun daga nan ta daina yarda da duk maganar da aka faɗa mata da murmushi. Ba ta koma gidan iyayenta ba. Ta ɗauki tukwane biyu da muciya, ta kafa duwatsu uku a gindin tsamiya, ta hura wuta.

Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, hayaƙi ya rine mata gefen idanu. Ba ta sayen daddawa wurin mace ɗaya sau biyu a jere, don kada a gane sirrin miyarta. In mai itace ya yi mata rangwame, sai ta kwance ɗaurin ta duba tsakiya. In baƙo ya yabi miya, sai ta dubi hannunsa ta ga inda ya nufa. Amma tuwonta kan kwanta a kwano kamar wata a daren sha huɗu, man shanu na narkewa a kai, kuma direban da ya ci sau ɗaya yakan fara rage gudu tun daga Sheme.

Wurin ba gadonta ba ne, ba kuma saye ta yi ba. Al'adar bakin tasha ita ce wuri na mai wuta ne. Muddin hayaƙinka na tashi babu mai taɓa ka. In murhu ya yi sanyi ba ciwo ba rasuwa, Sarkin Tasha Salihu zai ba wani. Shi ya sa ko ranar Salla sai Barakatu ta je ta hura 'yar wuta ta ɗora ruwan zafi, sannan ta tafi gaisuwa.

A zamanin nan motoci hannun hagu suke bi. Waɗanda suka taso daga Zariya za su Gusau da Sakkwato, ɗauke da siminti da kwanon rufi, tun da kuɗin mai ya fara tsirar da gine-gine, gefen tsamiya suke riƙewa. Sukan iso Yankara rana ta take, inji ya yi zafi, yunwa ta taso. Nan za su tsaya, su ba mota ruwa, su yi azahar, su ci tuwo idonsu na kan kayansu. Masu dawowa daga Gusau da auduga da gyaɗa kuwa ɗaya gefen suke bi, da cikinsu a cike, ba su barin komi a Yankara sai ƙarar ham.

Maƙwabcinta Mani ne, mai facin taya. Rumfarsa ta zana tana can inda inuwar ta ƙare, rana na dukanta tun hantsi. Ɗan cikinta ne a shekaru, mai yawan dariya, kullum yana mata sannu da aiki. Da la'asar yakan turo kwanon ruwan da yake gwada tif a ciki zuwa bakin inuwa. Ba ta taɓa hana shi ba, amma ta san inda kwanon ya tsaya jiya da inda ya tsaya yau.

Shi ne ya kawo mata labarin, farkon shekarar 1972. Ya tsuguna gefen murhu ya ce gwamnati za ta juya hanya, kowace mota a ƙasar nan za ta bar hagu ta koma dama. Ya ce motocin Zariya za su riƙa tsayawa can ƙetare, gefen tsamiya kuma sai masu ham. Ya ba ta shawara ta nemi wuri a can tun kowa bai farga ba.

Barakatu ta dubi ƙetaren. Fili ne fetal, ko geza babu, sai tsakuwa da ƙaya.

"In tashi daga nan ke nan, in koma cikin rana."

"Goggo, don ke nika faɗi. Ni mi zan samu?"

"Shi nika tunani," in ji ta, ta ci gaba da tuƙi.

Ga yadda abin ya tsaya mata. In labarin ƙarya ne ta ƙetara, ta bar tsamiya a banza, kuma ba za ta dawo hannunta ba. In gaskiya ne ta zauna, direbobinta za su sauka a gaban tukunyar wata. Mace ɗaya ce, wutarta ɗaya.

Sai ta shiga bincike irin nata. Ta tambayi direbobi uku, kowa shi kaɗai, kowa a ranarsa, cikin hira kamar ba ta damu ba. Gide, wanda ya fi kowa daɗewa yana cin tuwonta, ya ce gaskiya ne, biyu ga watan Afrilu, ranar Lahadi. Rabo ya ce biyu ga Afrilu, Lahadi. Lawwali ma haka, ko tuntuɓe bai yi ba. Wannan ya ƙara mata zargi. Ta ce da mai shayin tasha, masu gaskiya ba su haɗuwa a kan rana ɗaya haka cif, ko ganin wata sai an yi gardama. Mutum uku da bakinsu ya zo ɗaya, zama suka yi.

Gide ya yi ƙoƙarin fahimtar da ita. Ya ce Nijar da Dahomi da Kamaru da Cadi duk dama suke bi, mu kaɗai muka riƙe hagu tun zamanin Ingilishi, kuma duk motar da ta tsallaka iyaka sai direba ya juya ƙwaƙwalwarsa kamar waina. Ya ce Saliyo ma bara ta juya. Ta tambaye shi ko ya taɓa zuwa Saliyon. Ya ce a'a. Ta ƙara masa miya. Rediyon mai shayi ya dinga rera waƙar komawa dama safe da yamma, har yara suka haddace. Ta ce abin da ba shi da fuskar da za ta duba, ba ta ɗaukar shaidarsa.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne Mani, mai cewa a ƙetara, ko tsinke bai kai ƙetare ba. Da ta tambaye shi, ya yi dariya ya ce taya ba ta san hagu da dama ba, inda ta fashe nan za a mirgino ta. Amsar ta yi daidai, daidan da ya sa ta ƙara tsuke fuska.

Ana haka wata safiya ta hangi mace a ƙetare tana share tsakuwa da tsintsiya. Suwaibatu ce, mai shinkafa da wake, ba ta daɗe da zuwa daga Sabuwa ba. Kafin azahar Barakatu ta gano cewa 'yar ƙanwar uwar matar Mani ce. Ta kasa yanke wa abin hukunci. Ko dai Mani ya sanar da danginsa don su riga ta, ko kuwa ya ajiye Suwaibatu ne a can kamar yadda ake kafa mutum-mutumi a gona, don tsoro ya sa ta ruga ta bar inuwa.

Ta je ta sami Sarkin Tasha Salihu a kan bencinsa. Ta gaishe shi, ta nemi ya riƙe mata wuri a ƙetare, ita kuma ta ci gaba da zama a gindin tsamiya har a ga abin da zai faru. Ya ce da zai iya da ya yi mata, amma in ya ba ta wuri biyu gobe mai ƙosai za ta nemi uku. Sai ta tambaye shi ko akwai wanda ya nemi tsamiyar. Salihu ya dubi takalminsa.

"Babu wanda ya nema da baki, Goggo."

Ta yi godiya ta tashi. Kalmar nan ta baki ta bi ta har murhu.

Saura 'yan kwanaki sai ta ji ƙarar yankan ƙarfe a bayan tasha. Ta bar tukunya ta leƙa. Bas ɗin Alhaji Maharazu ce, mai jigila tsakanin Ƙanƙara da Funtuwa, wani mai walda na huda mata sabuwar ƙofa a gefen dama. Alhaji Maharazu mutum ne da ko tsohuwar igiyar ɗaure kaya ba ya yarwa. Yana tsaye yana kallon tartsatsin wuta na zuba daga jikin motarsa, fuskarsa kamar shi ake yanka. Ta gaishe shi ta tambayi dalili. Ya ce in bai yi haka ba, daga ranar Lahadi fasinjojinsa tsakiyar titi za su riƙa sauka. Ta matsa ta taɓa bakin yankan da yatsa, da sauran zafinsa. A ranta ta ce Mani zai iya haɗa baki da direbobi, zai iya ɗauko Suwaibatu, amma ba shi da abin da zai ba Alhaji Maharazu ya fasa cikin motarsa. Duk da haka ba ta tashi ba. Ta ce sai ta gani da idonta.

Lahadi ta zo, watan Safar ya ɗan wuce rabi, bazara ta kai inda ko kurciya ba ta kuka sai a inuwa. Tun da safe mutanen gari suka jeru bakin titi, har da waɗanda ba su taɓa shiga mota ba. 'Yan sanda biyu na ta nuni da hannu. Motoci na tafiya a hankali kamar masu rakiyar gawa, kowane direba ya ƙanƙame sitiyari, yana bin gefen da jiya laifi ne. Barakatu ta hura wutarta inda ta saba, ta tuƙa tuwo, ta zauna.

Rana na tsaka motar Gide ta ɓullo, siminti har sama. Ta zo ta can gefen, ta yi nishi ta tsaya. Da yake sitiyarin a dama yake, ƙofar direba ta buɗe daidai gaban tukunyar Suwaibatu, har tururin wake na dukan ƙafarsa. Gide ya tsaya jim, ya hango Barakatu, ya duba gabas ya duba yamma ya sake dubawa, don ya rasa ta inda mota za ta fito, sannan ya ƙetaro. Shi kaɗai. Yaran motarsa da fasinjojin da ya ɗauko a kan kaya suka zauna inda suka sauka. Mota ta biyu ta zo, direbanta ya ɗaga mata hannu daga nesa, ya karɓi kwanon shinkafa. Ta uku ko hannun bai ɗaga ba.

Barakatu ta miƙe. Ta kwashe garwashi a kasko, ta ɗora a kan gammo, ta ratsa kwalta da zafin rana a sama da zafin wuta a ka. Wurin da ke daura da tsamiya ya riga ya zama na Suwaibatu, sai ta wuce ta gaba, ta ajiye a tsakuwa. Ta koma ta ɗauko tukwane. Duwatsun murhu Gide ya taya ta, yana hura yatsu. Da ta dawo ɗaukar muciya, ta tarar da taya biyu a jingine da gindin tsamiya, Mani na jan benci yana kaucewa tokar da ba ta huce ba.

"Goggo, riƙe maki zan yi. In na bari wani baƙo zai shige. Ko da gwamnati ta sake shawara, kin ga wurinki na nan."

"Allah shi saka maka daidai da niyyarka, Mani."

Ya ce amin, amma a hankali.

Gwamnati ba ta sake shawara ba. Direbobi suka koma wa tuwon Barakatu ɗaya bayan ɗaya, don shinkafa ba ta riƙe cikin mai tafiyar Sakkwato. Shekara ta kewayo aka daina fam da sule aka shiga naira, motocin siminti suka ninka, ta kafa rumfar zana, daga baya ta rufe ta da kwano, ta ƙara tukunya ta uku. Ciniki ya fi na da. Sai dai rumfar kwano in rana ta take tanda ce, kuma daga inda take zaune ba abin da ke gabanta sai tsamiya, da Mani a kishingiɗe a kan tsohuwar taya, hula a kan fuska, ganye na zubo masa sanyi.

Sun ci gaba da gaisawa da ƙarfi daga gefe zuwa gefe har tsufa ya kama ta. Ba ta taɓa cewa ya yi mata ƙarya ba, don bai yi ba. Abin da ta kasa warwarewa ke nan, ta yi ta juya shi shekara da shekaru.

Wata rana, furfura ta riga ta rufe mata kai, Gide ya dawo daga Ikko da sabuwar mota. Ta zuba masa tuwo, ta jira har ya kai loma uku, sannan ta sassauta murya ta tambaye shi ko a zuwansa ya ji labarin Mani na da wani ɗan'uwa da ke aiki a ofishin manyan gwamnati a can. Gide ya kusa ƙwarewa don dariya. Ya ce Goggo, ƙasa guda aka juya, daga bakin teku har Illela, mutum miliyan nawa, ina Mani mai faci ina wannan magana.

Barakatu ba ta yi dariya ba. Ta dubi ƙetaren titi ta daɗe.

"To wa ya kai ma gwamnati labarin akwai inuwa a Yankara?"